Minti Goma Sha Ɗaya

A Aboabo, bayan tashar mota,
Munkaila ya kafa allon kallo a tsohon shagon tela.
Sidi biyar kowane kai, bencin katako,
fanka guda tana juya zafi kamar mai tuƙa tuwo.
Ni ce mai sobolo a bakin ƙofa.

Ta bango na fara sanin fim ɗin.
Na san inda ake banko ƙofa,
na san inda kiɗa yake yin ƙasa,
na san inda ɗakin kan yi tsit,
tsit irin na kare da ya hango nama a hannun yaro.

Ran Talata na shiga, Lariba ce ta matsa.
Ta ce, "Zo ki ga yadda mace take ramawa,
wallahi sai tsigar jikinki ta tashi."
Na bar wa 'yar maƙwabta kula, na zauna can baya.

Na duba agogon wayata.
Minti goma sha ɗaya suka ba abin da aka yi mata.
Kyamara ko ƙiftawa ba ta yi ba.
Ta bi yagewar riga a hankali kamar mai ƙirga kuɗi,
ta tsaya a gwiwa, ta daɗe a wuya.
Fuskar kuwa sau biyu aka nuna,
shi ma don hawaye yana kyau a haske.

Wani daga gaba ya ce, "Munkaila, dawo da shi baya!"
Aka yi dariya. Ya dawo da shi.
Sha ɗaya ta zama ashirin da biyu.

Ramuwar, da ta zo, minti uku ce.
Fetur, ashana, gida ya kama.
Bakunan ɗazu su ne suka yi sowa,
hannuwan ɗazu su ne suka tafa,
suka fito suna jin sun tsaya wa gaskiya,
kamar wanda ya ci naman sata
ya wanke hannu da ruwan alwala.

Lariba ta ce, "Kin gani? Ta yi maganinsu."
Na ce na gani.

Ga abin da ban gaya mata ba:
nawa babu kiɗa a bayansa.
Rediyon wani ne ke ihun ƙwallo,
ruwan sama yana dukan kwano.
Ban ƙirga minti ba, shekara tara nake ƙirgawa.
Ban sayi fetur ba. Sabulu na saya,
na sayi wani, na sake sayen wani.
Shi kuwa yana nan a hanyar Asawase da shagon siminti,
ya yi tumbi, ya aurar da 'ya.
In na wuce da kula a ka, sai ya ce, "Sannu da rana."
Wata rana bakina kan amsa kafin in hana shi.

Ba zan yi ƙarya ba.
Da wutar nan ta tashi a allo,
wani abu a ƙirjina ya miƙe ya rangaɗa guɗa.
Na ji daɗi, na kuma ji kunyar daɗin.
Minti ukun nan nawa ne,
amma sai da na biya da sha ɗayan.

Ina ta tunanin yarinyar da ta fito a ciki.
Sau nawa aka ce mata, "Sake, bai fita ba"?
Wa ya miƙa mata zane da aka kashe fitila?
Ko ita ma tana da nata mai simintin?

Munkaila ya ce fim ɗin ya karɓu, zai ƙara mako.
Ban tanka ba.
Tun da aka fara shi, sobolona ba ya kwana.
Maza kan fito da ƙishirwa.
Ina zuba musu ƙanƙara, ina ba su canji,
ina kallon hannun kowa.